Hadarin da Ke Tasowa Daga Yamma

Tun ina yaro na san hadari daga gabas yake tasowa. A ƙauyenmu da ke kusa da Malumfashi, idan bazara ta yi nisa zafi ya ishi kowa, Baba kan fito ƙofar gida bayan la'asar ya tsaya ya fuskanci gabas, hannuwansa a baya. In ya ga ta yi baƙi ƙirin, iska ta ɗauke cak, sai ya ce a kwashe shanya a shigar da awaki. Abin da ya haɗo daga yamma kuwa ko kallo bai ishe shi ba. Da wannan karatun na girma, da shi kuma na sauka garin Norman na jihar Oklahoma a Amurka, inda na je ƙaro ilimi. Ranar da na fara jin jiniyar gargaɗi a garin, na fito na duba gabas na ga sama garau. Maƙwabcina ne ya dafa kafaɗata ya juya ni. Yamma ta riga ta rufe.

Norman gari ne da hirar sama ba ta ƙarewa. A kudancin harabar Jami'ar Oklahoma akwai katafaren ginin Cibiyar Yanayi ta Ƙasa, a cikinsa kuma ofishin da ke hasashen mugun hadari na faɗin Amurka yake. Kullum sukan fitar da taswira mai launi-launi, su kasa hatsarin gida biyar, daga mai sauƙi zuwa mafi tsanani. Daga Afrilu zuwa Yuni ita mutane ke fara dubawa da safe, yadda ɗan kasuwa ke fara tambayar farashi. Ƙasar tana ganin mahaukaciyar guguwa sama da 1,000 a shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya, kuma kaso mai tsoka yana sauka ne a shimfiɗaɗɗen filin nan da ya taso daga Teksas ya bi ta Oklahoma da Kansas har Nebraska.

Ni sana'ar hannuna hoto ce. Kafin in tafi na yi shekaru ina ɗaukar biki da suna da hawan sallah. A shagon gyaran kyamara na haɗu da wani dattijo, tsohon malamin sakandare, wanda ya haura shekara 30 yana bin hadari duk watan Mayu. Da ya ga hotunan dawakin da na ɗauka, ya ce wanda ya iya jiran doki ya ɗaga ƙafa zai iya jiran girgije. Ya yarda in bi su kwana uku, shi da jikansa mai karatun yanayi a jami'a. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini: "Idan na ce mota, to mota. Ko me kake gani a cikin kyamararka, ka bar shi."

Mun tashi da hantsi, muka bi babbar hanya ta 35 zuwa arewa. Ba mu yi minti 20 ba muka ratsa Moore. Wanda bai sani ba zai ga gari kamar kowane gari, sai dai a wasu unguwannin gidajen duk sababbi ne, bishiyoyin kuma ƙanana. Ranar 20 ga Mayun 2013 guguwa ta bi ta tsakiyarsa ta kashe mutum 24, bakwai daga ciki yara ne a makarantar firamare guda. Kafin ita akwai ta 3 ga Mayun 1999, wadda na'urar rada ta auna gudun iskarta ya kai kusan kilomita 480 a awa. Dattijon bai rage gudu ba, bai kuma ce komai ba har muka fita garin.

A El Reno ne ya sauka daga kwalta ya shiga wata jar hanyar ƙasa tsakanin gonaki, ya tsaya a gaban wani ɗan dutsen tunawa. Nan kusa, ranar 31 ga Mayun 2013, guguwar da ba a taɓa auna mai faɗinta ba, kilomita 4.2, ta riski motar Tim Samaras da ɗansa Paul da abokin aikinsu Carl Young, duk ukun suka rasu. Samaras injiniya ne da ya shafe shekaru yana ajiye na'urorin awo a kan hanyar guguwa, kuma an san shi da taka-tsantsan. Guguwar ta faɗaɗa cikin 'yan mintuna, ta sauya hanya, ruwa kuma ya lulluɓe ta. Dattijon ya cire hularsa ya ce duk wanda zai ɗauka karo na farko sai ya fara kawo shi nan. Na fahimci sharaɗinsa fiye da yadda na fahimce shi a shago.

Daga nan muka miƙe yamma a kan hanya ta 40 har muka shiga Teksas. Ƙasar shimfiɗe take kamar faranti. Ba dutse, ba tsauni, bishiya sai jefi-jefi a gindin gida. Shanu baƙaƙe, da dogayen fankokin lantarki farare suna juyawa a jere har iyakar gani. Da azahar muka yada zango a wani gidan mai a Shamrock, inda muka tarar da motoci kusan 20 na masu irin niyyarmu, wasu da eriya a rufi, wasu jikinsu duk lotsawar ƙanƙara. Nan na yi alwala na haɗa azahar da la'asar na matafiyi a kan ciyawa a bayan ginin, sannan aka zauna jira.

A zaman jiran ne jikan ya buɗe kwamfutarsa a kan bonet ya yi mini bayanin abin da muke jira. Iska mai ɗumi da laima tana hawowa daga mashigin tekun Mekziko, tana tafe ƙasa-ƙasa. Busasshiyar iska mai zafi tana gangarowa daga hamadar kudu maso yamma. Inda suka yi karo akwai iyakar da ido ba ya gani amma jiki yana ji: gabas da ita gumi ne ke tsatstsafowa, yamma da ita leɓe ne ke bushewa kamar an shiga hunturu. A can sama kuma wata iska mai ƙarfi tana ƙetaro duwatsun Roki. Da yake ta ƙasa daga kudu take, ta sama daga yamma kuma ta fi ta gudu, sai iskar da ke tsakani ta riƙa mulmulawa kamar tabarmar da ake naɗewa. Idan zafin rana ya cilla iskar ƙasa sama da ƙarfi, sai ta tayar da naɗin nan tsaye, hadarin ya kama juyawa. Irin wannan hadari mai juyi shi suke kira sufasel, kuma shi ke haifar da mafi yawan manyan guguwowi da manyan ƙanƙara. Ya sha bamban da guguwar da muka sani a gida, wadda ke tashi daga ƙasa mai zafi rana tsaka sama na garau, ta kwashi kara da leda ta watse. Wannan a jikin hadari take, ƙarfinsa take ci.

Sai dai akwai murfi. Wani shimfiɗin iska ne mai ɗumi da ke zaune a saman ta ƙasa, yana danne ta kamar murfin tukunya. In babu shi sam, hadari kan tashi ko'ina barkatai, wannan ya cinye ƙarfin wancan. In ya yi kauri, ba abin da zai tashi. Abin da ake nema shi ne murfin da zai riƙe har la'asar, zafi ya taru a ƙarƙashinsa, sannan ya ɓalle a wuri guda. Ranar murfin bai ɓalle ba. Gizagizai suka yi ta yunƙurowa suna karyewa, har rana ta faɗi a sama mai shuɗi. Kilomita kusan 400 muka ci ba ko ɗigo. Dattijon ko a jikinsa. Ya ce a cikin kwana goma na bin hadari, yawanci haka suke, mota da jira da abincin gidan mai.

Rana ta biyu taswira ba ta nuna komai ba, sai muka hau arewa ta Woodward muka shiga Kansas don mu kwana kusa da inda ake sa ran gobe. Haka na ga Greensburg. Daren 4 ga Mayun 2007 guguwa mai faɗin kilomita 2.7 ta shafe kashi 95 cikin 100 na garin, mutum 11 suka rasu. Ita ce ta farko da aka ba matsayi na biyar, mafi girma, a sabon ma'aunin ƙarfin guguwa da aka fara aiki da shi a shekarar, wanda aka gyara daga na masanin yanayi Ted Fujita na 1971. An ce jiniya ta yi kuka kusan minti 20 kafin ta iso, shi ya sa akasarin mutane suka samu shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Garin ya sake ginuwa, yana shan lantarkin iska, amma kusan rabin mutanensa ba su dawo ba. Za ka ga layi da kwalta da mashigar mota, babu gidan da take kaiwa, sai ciyawa.

Abin da ya fi riƙe ni a garin rijiya ce. An haƙa ta da hannu a 1887 zuwa 1888, zurfinta mita 33, faɗinta kusan mita 10, an ɗaure bangonta da dutse. Guguwar ta rushe ginin da ke kanta, ita kuwa tana nan yadda take. Yanzu an yi mata matakala mai zagaye. Na sauka a hankali, sanyi na ƙaruwa, ƙamshin jiƙaƙƙen dutse na tasowa, ina shafa bangon ina tuna masu haƙar rijiya na garinmu da igiyarsu da gugan ƙasa. Na daɗe a ƙasan kafin in hau.

Rana ta uku tun da asuba iskar ta sauya. Tana kaɗawa daga kudu ba ƙaƙƙautawa, mai nauyi, mai danshi, gizagizai ƙanana suna gudu ƙasa-ƙasa. Muka nufi Dodge City, garin shanu da mayanka, muka wuce shi kudu muka tsaya a wata mararraba. Hanyoyin yankin an yanka su murabba'i-murabba'i, kusan kowane mil guda akwai mahaɗa, kuma duk inda dattijon zai tsaya sai ya fara tabbatar da hanyar tsira biyu, ɗaya kudu ɗaya gabas, ya juya kan motar ya bar injin a kunne.

Wajen ƙarfe huɗu murfin ya ɓalle. A kudu maso yamma wani farin girgije ya kumburo kamar audugar da aka zazzage daga buhu, yana tafasa yana hawa, ido na ganin hawansa. Cikin rabin awa kansa ya daki rufin sama, jikan ya ce ya haura kilomita 15, sai ya baje gefe guda ya yi siffar uwar maƙera, inuwarsa ta rufe mu. Muka matsa muka tsaya kudu maso gabas da shi, wajen da ruwa ba ya tare gani.

Gani ya kori ji. Gindin hadarin a shafe yake sumul, baƙi mai shuɗi-shuɗi, a samansa kuma jikin ya naɗu hawa-hawa kamar rawanin hakimi, kowane naɗi da layinsa. Duk wannan tulin yana juyawa a hankali ta hagu, irin juyin masu ɗawafi. Dama da shi ruwa da ƙanƙara sun sauko kamar labule, cikin labulen wani kore-kore mai haske wanda ban taɓa ganin irinsa a sama ba. Cida ba ta yankewa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne iska ta bayana take zuwa, da ɗuminta, tana tura ni wajen hadarin. Shi ne ke zuƙar ta. A gida hadari kan turo iska da ƙura a gabansa. Wannan janyowa yake yi. Alkama kore shar ta kwanta gaba ɗaya ta fuskance shi, wani tsuntsu mai rawayan ƙirji kuma yana kan turken shinge yana ta kukansa.

Na kafa kyamara a kan mazauninta mai ƙafa uku, na rataya jakata a tsakiya don iska kada ta kifar da ita. Gilashi mafi faɗin gani da nake da shi, mai milimita 16, bai iya ɗauke hadarin duka ba, sai na tayar da kyamarar tsaye na riƙa ɗauka ɓangare-ɓangare don in haɗe su daga baya. Wahalar ita ce haske: ƙasan hadarin duhu, gefensa rana tana ƙyalli. Na auna da wajen hasken, na bar duhun ya yi duhunsa. Na kuma sa shingen da turken a gaban hoton, domin in babu abin da ido ya sani a ƙasa, mai kallo ba zai gane girman abin da ke sama ba.

Daga gindin sai wani ɓangare ya zazzago ƙasa kamar an sauke bango, tsumman gizagizai suna tashi daga ƙasa suna manne masa, yana juyi da sauri fiye da uwar. Dattijon ya daina magana. Wani ɗan tsini ya leƙo, ya koma, ya sake leƙowa. Jikan ya nuna ƙasa: a tsakiyar wani fili, nisan kamar kilomita biyar, jar ƙura ta tashi tana zagaye. Kafin in ƙifta ido sama da ƙasa sun haɗe da wata farar igiya siririya mai lanƙwasa. Ban ji ƙararta ba, sai iska a kunnena. Bakina ya kama addu'ar da Inna ta koya mana ta jin tsawa, Subhanallazi yusabbihur ra'adu bihamdihi wal mala'ikatu min khifatihi, yatsana kuma yana ta dannawa. Dattijon yana waya da ofishin yanayi na Dodge City, yana faɗa musu inda take da inda ta nufa, domin rada tana ganin juyin da ke cikin girgije, amma idon mutum ne ke saurin tabbatar da cewa ta taɓa ƙasa. Ba ta fi minti biyar ba. Ta ƙara sirancewa, ta karkace kamar igiyar guga da aka saki, ta narke. Ba ta taɓa gida ko ɗaya ba.

Ina cikin sauya gilashi sai iskar bayana ta mutu. Wata mai sanyi ta bugo fuskata daga yamma. "Mota," in ji dattijon, bai ko ɗaga murya ba. Na runtumi kyamarar da ƙafafunta na faɗa kujerar baya. Hadarin ya bar hanyarsa ta arewa maso gabas ya karkato dama, abin da irinsa kan yi idan ya ƙosa, labulen ƙanƙarar ya nufo mu. Muka bi hanyar kudu. A nan na ga abin da ya ɓata mini rai: motocin masu bin hadari sun yi jerin gwano, wasu sun tsaya a tsakiyar hanya ƙofofi a buɗe suna ɗaukar bidiyo, ba su damu da na bayansu ba, balle mutanen yankin da ke neman isa gida wurin iyalinsu. Wanda ya zo kallo bai kamata ya tare wa mai gida hanya ba. Jinkirin nan ya sa gefen ƙanƙarar ya taɓa mu. Ta fara kamar tsakuwa, ta koma kamar lemon tsami, tana dukan rufin motar har ba ma jin juna, tana tsalle a kan ciyawa. Gilashin gaba ya tsage a kusurwa. Da muka fita, jikan ya ce wannan ƙarama ce. Wadda aka tsinta a Vivian ta Dakota ta Kudu a watan Yulin 2010 faɗinta santimita 20.

Bayan hadarin ya wuce muka koma ta inda ya bi. Ƙanƙara ta taru a kwalbati fari fat, hazo na tashi daga kanta, iska na warin ɗanyen ganye kamar an yi yankan ciyawa. Alkamar da na gani tsaye awa guda da ta wuce ta zama tabarma. A bakin wata gona wani manomi, zai yi sa'an Baba, yana tsaye kusa da motarsa. Muka tsaya dattijon ya tambaye shi ko kowa lafiya. Ya ce lafiya. Ya sunkuya ya ɗauki zangarniya guda, ta karye a wuya, ya murza ta a tafin hannu, ƙwayar tana fitar da ruwa fari kamar madara. A Kansas da kaka ake shuka alkama, ta kwana cikin sanyi, a girbe ta a Yuni. Saura masa 'yan makonni.

Na san wannan tsayuwar. Na ga Baba ya yi ta a bakin gonar dawa shekarar da iska ta kwantar mana da ita. Kyamarar da ke wuyana ta yi mini nauyi, na juya ta baya, domin hadarin da na gama yabon kyansa shi ne ya yi wannan aikin. Manomin ya lura. Ya ce in ba damuwa in ɗaukar masa gonar, daga kusa da daga nesa, da ƙanƙarar kafin ta narke, saboda masu inshora za su so gani. Na durƙusa cikin laka na ɗauki karyayyun karan, na sa kwabo kusa da ƙanƙara don a ga girmanta, na hau bayan motarsa na ɗauki gonar har ƙarshenta. Da za mu rabu na ce masa a garinmu cewa muke Allah ya mayar da alheri, na fassara masa. Ya riƙe hannuna ya ce amin.

Rana ba ta faɗi ba sai wajen tara saura kwata. Kafin ta faɗi ta leƙo ta ƙarƙashin hadarin, sai ga bayan uwar maƙeran nan ya cika da ƙulle-ƙullen girgije masu reto kamar hantsar saniya, ɗaruruwa, duk sun yi ruwan zinariya, daga baya suka koma ja. Na yi magariba da isha a gefen hanya. Da duhu ya yi, hadarin ya yi nisa gabas, walƙiya na yawo a cikinsa ba hutawa. Dattijon ya sa na ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa, kowace daƙiƙa uku kilomita guda, sai da ya gamsu da nisan ya bar ni na fita. Hoton walƙiya ba a farautarsa da saurin yatsa. Buɗe kyamarar ake yi daƙiƙa 15 ko 20 a bar ta tana kallon duhu, abin da ya faɗo ciki ya faɗo. Na buɗe ta fiye da sau 100. A guda uku walƙiya ta sauko har ƙasa, a ɗaya kuma ta haska wani dogon rumbun siminti na hatsi shi kaɗai a fili.

Mun isa masauki ƙarfe 11 na dare. Na fara tura wa manomin hotunansa, sannan na duba agogo: a gida ƙarfe biyar na asuba. Na ɗan jira su fito masallaci na kira Baba. Bayan gaisuwa na ba shi labarin juyin hadarin da igiyar da ƙanƙarar, na ce masa daga yamma ya taso.

"Daga yamma?" Ya yi shiru. "Ikon Allah. To shi mai gonar, yana da wata?"

Na ce ban tambaye shi ba, Baba.

"Ka tambaye shi. Ka ce ina yi masa jaje." Na ji zakara na cara a bayansa. Ya ce su ma jiya hadari ya haɗo musu sosai har an shigar da awaki, iska ta zo ta watsa shi, amma iri yana nan a shirye, ko yau aka samu ruwa gobe za su fita shuka.